Masu Ƙirga Mu Da Masu Tsaya Mana

Jama'a, da a ce yawan tambaya yana maganin talauci, da tuni mu mutanen Zongon Kumasi mun fi kowa arziki a ƙasar nan. Babu shekarar da za ta wuce ba mu ga samari da 'yan mata sun shigo Aboabo ko Asawase ko Sabon Zongo ba, dā da takardu a hammata, yanzu kuma da waya a hannu, suna bi gida gida. Mutum nawa ke kwana a ɗakin nan? Ina kuke zubar da shara? Ku wace ƙabila ce? Yaushe kakanninku suka zo? Mukan shimfiɗa musu tabarma mu ba su ruwa, domin mu jikokin masu saukar baƙi ne, ba mu iya korar mai sallama ba. Su gama su yi godiya su tafi, abin da suka rubuta kuwa ba mu ƙara jin ɗuriyarsa.

Malaman da ke turo su ana ce musu masana ilmin zaman jama'a, watau masu nazarin yadda mutane ke zaune da juna, wa ke sama wa ke ƙasa, da abin da ya sa haka. Ilmi ne mai amfani, ba mu raina shi ba. Amma tun da an fi shekara 100 ana gwada shi a kanmu, ya kamata mu ma mu zauna mu duba abin da ya jawo mana, da irin malamin da ya cancanci mu buɗe masa ƙofa.

Kafin a yi wata ƙasa mai suna Ghana akwai Musulmi a Kumasi. Turawan da suka zo fadar Sarkin Asante a 1817 da 1820, Bowdich da Dupuis, sun iske malamai da fatake zaune a garin, suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu. Hanyar goro kuwa ta haɗa Kano da Gwanja tun kafin nan. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892 sai fatake suka bazu Kete Krachi da Kintampo da Atebubu, kuma bayan Ingilishi sun kama Kumasi a 1896 hanya ta buɗe har cikin gari. Jirgin ƙasa ya iso a 1903. Hausawa, Mosawa, Yarbawa, Wangarawa, Dagombawa, Zabarmawa, Kotokoli, kowa ya sauke kayansa, zango ya zama gari. Wasu daga cikin na farkon sojan Turawa ne, wannan ma ba abin ɓoyewa ba ne, kuma yana cikin abin da ya sa aka daɗe ana yi mana kallon baƙi.

Rubutun farko da aka yi a kanmu na masu mulki ne, don amfanin mulki. Rattray, wanda daga baya gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora a kan ofishin nazarin al'adun Asante, ya fitar da littafin tatsuniyoyi da karin maganar Hausa a 1913. Wanda ya zauna ya rubuta su da ajami wani malami ne Bahaushe, Malam Shaihu. Rattray ya ambace shi, mu yi masa adalci, amma ku tambayi ɗalibi yau littafin wane ne, ku ji sunan da zai faɗa. A 1924 kuma da annoba ta faɗa wa Kumasi, likitoci da masu safiyo suka nuna zongo da yatsa, aka rushe gidaje, aka gina Sabon Zongo. Gidajen sun yi amfani. Sai dai tun daga lokacin sunanmu ya manne da ƙazanta a takardun hukuma, har yau kuma yawancin masu zuwa tambaya daga bayan gida da kwata suke farawa.

Wadda ta fi kowa daɗewa a cikinmu, a iya saninmu, wata Ba'amurkiya ce, Enid Schildkrout. Ta zo a tsakiyar shekarun 1960 tana ɗaliba, ta zauna da Mosawan Kumasi, littafinta mai suna People of the Zongo ya fito a 1978. Abin da ta gano mu mun san shi a jikinmu, amma ba wanda ya taɓa shimfiɗa shi a takarda haka. Mutum ya zo daga ƙasar Mosi ba uwa ba uba, sai maigidan da ya sauke shi ya zama ubansa, ya nema masa aiki, ya tsaya masa a wurin aure, ya raɗa wa ɗansa suna. Ɗan da aka haifa a nan kuwa ya tashi da Hausa a baki, makarantar allo ɗaya da ɗan Bayarabe da ɗan Bawangare, sallah ɗaya, biki iri ɗaya. Sunan ƙabila bai mutu ba, amma ya koma abin da ake ɗagawa wajen sarauta da siyasa, rayuwar yau da kullum ta zama ta Zongo. Ta nuna cewa wata al'umma ce sabuwa ta tsiro a nan Kumasi, ba a Wagadugu ko Kano ba. Har rigingimun shugabancin babban masallacinmu ta bi diddigi ta rubuta a 1974, abin da wasu dattawa ba za su so a tono ba. Daga baya ta tafi Kano ta yi nazarin yara masu talla da matan kulle.

Ba ita kaɗai ba ce. Polly Hill, wadda aka fi sani da nazarin manoman koko, ta rubuta a 1966 a kan masu masauki da dillalai na kasuwar Kumasi, yadda amana ke tafiyar da cinikin dabbobi da bashi ba tare da banki ko lauya ba, kafin ta koma Batagarawa kusa da Katsina. A Nima ta Ankara kuma Keith Hart ya zauna da Farafara, daga can ya fito da maganar tattalin arzikin da ba ya cikin rajistar gwamnati, maganar da yau Bankin Duniya da kowace ma'aikata ke yi. Watau daga lungunanmu aka ɗebi ilmin da ake koyarwa a manyan jami'o'in duniya. Littattafan nan da Turanci suke, a ƙasashen waje aka buga su, kuɗin ɗaya ya fi cinikin mai koko na kwana da kwanaki. Gidaje nawa ne a Zongo ke da ko da guda?

To, ga inda maganar ta yi nauyi. Duk ƙasar nan, in ana lissafin masana zaman jama'a, sunan farko shi ne Dakta Kofi Abrefa Busia. Ɗan gidan sarautar Wenchi ne, garin da ke da tsohuwar unguwar Musulmi. Ya yi digirinsa na dakta a Oxford a kan matsayin sarakuna a Asante, ya yi binciken zaman jama'a na Sekondi da Takoradi wanda ya fito a 1950, inda ya ga ma'aikata baƙi da idonsa, ya san yadda suke kwana da yadda suke tashi. Shi ne baƙar fata na farko da ya hau kujerar farfesa a kwalejin da ta zama Jami'ar Legon, kuma a wannan fanni. Ba za a ce bai san mu ba.

Bugu da ƙari, iyayenmu sun sha wuya a gefensa. A shekarun neman mulkin kai mutanen zongo da yawa sun bi jam'iyyar Musulmi, MAP, wadda ta haɗa kai da NLM ta Asante a kan adawa da CPP ta Nkrumah. Ba a fi wata biyar da samun 'yanci ba, a 1957, gwamnati ta kori Sarkin Zongon Kumasi Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan zuwa Nijeriya. Sun kai ƙara kotu cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu su biyu don a kashe shari'ar. A ƙarshen shekarar aka hana jam'iyyun addini da na ƙabila, MAP ta narke cikin United Party, shugabanta kuwa Busia. Saboda haka da ya ci zaɓe a watan Agusta 1969, akwai gidaje a Zongo da aka yi murna.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatinsa ta ba da umurni: duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama, ya samo ta cikin mako biyu ko ya bar ƙasar. Mako biyu! Ƙidayar 1960 ta nuna kusan mutum 12 cikin 100 na mazauna Ghana asalinsu daga waje ne, kuma mafi yawansu ba su taɓa riƙe fasfo ba, domin lokacin da suka shigo ba wanda ke tambayar fasfo. Aka sayar da gidaje da rumfuna a kuɗin goro. Tashoshin lori suka cika, mutane suka kwana a bakin iyaka da jarirai da tsofaffi, wasu ba su kai ba. Fiye da mutum 100,000 suka fita, Yarbawa suka fi yawa, amma ba ƙabilar zongo da abin bai taɓa ba. Cikinsu akwai waɗanda a nan aka yanke cibiyarsu, aka tura su garuruwan da ba su taɓa gani ba. A 1970 aka biyo da dokar da ta keɓe ƙananan sana'o'i ga 'yan ƙasa. An ce don a samar wa matasa aiki ne a kuma rage laifi. Gonakin koko suka rasa ma'aikata, gwamnatin kanta ba ta wuce 13 ga Janairu 1972 ba. Da Nijeriya ta rama a 1983, ta koro 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya, talaka ne ya sake ɗaukar kaya a ka.

Mun daɗe muna juya wannan abu a zuciya. Mutumin da ya fi kowa ilmin yadda baƙo ke zama ɗan gari, shi ya sa hannu aka tumɓuke mu. Ba mu ce ilminsa ne ya sa shi ba, siyasa ce da matsin 'yan kasuwa masu son rumfunan Yarbawa. Amma ilmin bai hana shi ba, kuma wannan ya isa ya sa mu daina ɗaukan digiri a matsayin shaidar tausayi. Wata malamar fannin da ta koyar a Legon, Margaret Peil, ta rubuta labarin korar a 1971, ta jera ta da irinta a sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Mun gode mata, don ba domin irin wannan rubutu ba da yau wasu sun ce ba a yi ba. Sai dai rubutu ne na bayan an gama, lorin ya riga ya tashi.

Akwai wani irin malami dabam, kuma kabarin ɗaya daga cikinsu yana nan Ankara. W. E. B. Du Bois, baƙar fatan Amurka, ya bi unguwar baƙaƙe ta birnin Philadelphia ƙofa ƙofa yana irin tambayoyin da ake yi mana, littafinsa ya fito a 1899. Ya nuna da lissafi cewa talaucin unguwar daga hana aiki da hana gidan kirki ya fito, ba daga jinin mutanen ba. Da ya ga lissafi kaɗai bai hana a kashe baƙar fata a bainar jama'a ba, sai ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar NAACP a 1909, ya riƙe mujallarta shekaru masu yawa. Ya ƙare rayuwarsa a Ghana, ya rasu ran 27 ga Agusta 1963. (Nkrumah ne ya gayyato shi, Nkrumah ɗin da ya kori Amadu Baba. Haka duniya take.) A ƙasar Kolombiya kuma an yi Orlando Fals Borda, wanda a shekarun 1970 ya bar ofis ya koma cikin manoma masu neman ƙasar noma. Ƙa'idarsa ita ce, abin da aka samo daga bakin mutane dole a mayar musu da shi ta hanyar da za su gane. Tarihin da tsofaffi suka ba shi, sai a zana shi a ƙananan littattafai masu hotuna a raba a ƙauyuka, a karanta a taro, wanda ya ga kuskure ya gyara.

Ba sai mun je nesa ba ma. Mutanen Old Fadama a Ankara, da yawansu 'yan'uwanmu ne daga Arewa, an ba su takardar tashi a 2002, suka je kotu ba su yi nasara ba. Sai suka ɗauki alƙalami da kansu. Da taimakon ƙungiyar People's Dialogue da tarayyar talakawan birni, suka ƙirga kansu ɗaki ɗaki, ba sau ɗaya ba. Ƙidayar 2009 ta ba da kusan mutum 80,000, da sana'ar kowa da inda ya fito. Da wannan lissafi suka zauna da hukuma, domin wanda ke shirin tashin mutum 80,000 dole ya faɗi inda zai kai su. Bai hana a rushe wani sashe a 2015 ba bayan ambaliyar watan Yuni. Amma ya saya musu shekaru, kuma masu ilmin da suka taimaka sun yarda su zama masu riƙe fitila, masu unguwa ke tambaya.

Mu fa? A watan Yuli 2018 'yan sanda suka harbe mutum bakwai 'yan Zongon Kumasi a wajen Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Da Asawase ta yi shiru, da maganar ta ƙare a nan, domin wa zai yi musu in an ce ɗan zongo ɗan fashi ne? Matasa suka fito, sarakuna da limamai suka tsaya, iyalai suka ƙi karɓar wannan suna. Gwamnati ta kafa kwamiti, kwamitin ya ce bai ga shaidar cewa mutanen 'yan fashi ne ba. Aka dakatar da 'yan sanda 21, aka ba kowane gida sidi 250,000. Wannan nasara ta jama'a ce, da ƙafarsu da muryarsu suka same ta. Amma ku lura da abin da muka rasa a lokacin. Da aka tambaye mu sau nawa irin wannan ta faru, a ina, ga wa, me ya biyo baya, sai kowa ya kawo abin da ya tuna. Ba mu da littafi. Shekara uku bayan haka, a 2021, aka kashe Kaaka a Ejura, sojoji suka harbe mutum biyu cikin masu zanga-zanga, aka sake kafa kwamiti, muka sake farawa daga farko. Ga aikin da masanin zaman jama'a zai yi mana wanda lauya da ɗan jarida ba za su yi ba: ya tara waɗannan abubuwa shekara da shekaru, har ya fito fili cewa ba tsautsayi ba ne, hali ne.

Haka maganar takardun zama ɗan ƙasa. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan Ghana ne, shi ma ɗan Ghana ne. A takarda ke nan. A layin karɓar kati kuwa, wanda ya ce sunansa Kwaku ya wuce, wanda ya ce Garba ko Salamatu sai a ce ina garinku. Ya ce Kumasi. A ce a'a, garinku na asali. Kowa a cikinmu ya san wanda aka yi wa haka, in ba shi kansa ba ne. A 2020 kuma Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce. To mutum nawa aka mayar? A wace unguwa? Wace tambaya aka yi musu wadda ba a yi wa wasu? In mun je gaban hukuma da "ana yi mana", za a ce mana ƙorafi ne. Abin da Schildkrout ta rubuta tun 1978, cewa al'ummar Zongo a nan ta tsiro, hujja ce babba a wannan gardama, ga ta can a kan kanta a ɗakin karatu.

Kada a ce ba abin da ya canja. An kafa Asusun Raya Zongo da doka a 2017, har aka yi ma'aikatar zongo, ko da yake an rufe ta a 2021. Wakilin Asawase a majalisa, Alhaji Muntaka Mubarak, an naɗa shi Ministan Cikin Gida a 2025, ma'aikatar da a 1969 ita ce ta zartar da korar iyayenmu. 'Ya'yanmu maza da mata sun cika Legon da jami'ar nan ta Kumasi da Tamale, wasunsu wannan fanni suke karantawa. Su ne muke yi wa magana yanzu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sanin yoyo dabam, auna shi a rubuta dabam, kuma ku aka koya wa na biyun. Mun ga wasunku in sun tashi rubutun kammala karatu sai su guje wa Zongo, wai kada a ce ba su waye ba, wasu kuma su rubuta mu da irin kalmomin da baƙo zai rubuta, don malami ya ba da maki. Ba mu ce ku yabe mu ba. Auren wuri yana nan, yaran da ba su gama makaranta ba suna nan, 'yan siyasa na hayar samarinmu su yi musu dambe lokacin zaɓe, ku rubuta duka. Amma ku rubuta har da dalili, ku kuma kawo mana mu ji.

Baƙon malami ma ba mu rufe masa ƙofa ba, sai dai lokaci ya yi da sarakunanmu da ƙungiyoyin matasa da na mata za su sa sharaɗi. Kafin ka fara, ka zauna da mu a kan tambayoyin, wataƙila abin da ke damunmu ba shi ne a takardarka ba. Ka ɗauki yaranmu aiki ka koya musu, sunansu ya fito. In ka gama ka dawo ka faɗa mana abin da ka samu, da Hausa, a zaure ko a gidan rediyo, ka bar kofi a masallaci ko makaranta. Ranar da muka shiga uku kuma, aka kira ka gaban kwamiti ko kotu, ka zo ka faɗi abin da ka gani.

Aiki ɗaya kuwa ba zai jira kowa ba. Wanda yake ɗan shekara 20 ranar da aka ba da umurnin 1969, yau ya haura 75. Suna nan a Yalwa da Akwatia Line da Mosi Zongo, tsofaffi mata da suka raka maƙwabta tasha, da waɗanda aka bar wa makullin gida amana, da waɗanda suka tafi suka dawo. Wasu na riƙe da rasit na harajin ƙasa da takardun fili tun na zamanin Turawa a cikin adaka, takardun da za su iya fitar da jika daga gardamar kati. Kowane wata muna kai ɗaya ko biyu makwanci, adakar kuma a raba ta da sauran kaya. Wayar da ke aljihun kowane yaro tana ɗaukar magana, tana ɗaukar hoton takarda. Ƙungiyar matasa ɗaya a kowace unguwa, da malami ɗaya da zai nuna musu yadda ake tambaya da yadda ake ajiya, sun isa a fara kafin azumi mai zuwa.